Yadda Za Ka Haɗa Intanet Mai Ƙarfi a Gidan Bulo, Daga Waya Har Zuwa Rauta

Ranar da yayana ya kira ni gidansa, rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, ta uku ke nan ya saya cikin shekara guda. Gidan bene ne mai dekin, da boskwata a baya inda samarin gidan ke kwana. "Ƙanena," in ji shi, "ko dai kamfanin ne ke cutata, ko kuma na'urorin yanzu duk jabu ne." Na ce, "Yaya, nuna mini inda ka ajiye ta." Sai ga ta a cikin durowar talabijin, a kusurwar falon ƙasa, an rufe ta da ƙofar gilashi, ga dikoda a kanta tana huro mata zafi. Rautar lafiyarta ƙalau, layin kamfani ma lafiya. Wurin zama ne bai dace ba, kuma babu waya ko ɗaya da aka ja zuwa sama.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, a gidajenmu na bulo da rodi, yawancin matsalar intanet daga waya take, ko wutar lantarki, ko inda aka ajiye na'ura. Don haka jagorar nan da awo za ta fara, sayayya sai can gaba.

Mataki na farko: auna kafin ka ciro ko sisi

Ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka, ka kashe Wi-Fi ɗinta, ka jona ta da waya kai tsaye a akwatin da kamfani ya ba ka. Buɗe Speedtest ko fast.com ka auna da safe, da rana, da kuma bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau layi. Idan abin da ka samu ta waya ya yi kusa da abin da kake biya, laifin na cikin gida ne. Idan ta waya ma ya gaza, ko rautar miliyan ka saya ba za ta ƙara maka komai ba, sai dai ka nemi kamfanin ko ka sauya layi. Ka tuna kamfanoni da megabit suke lissafi, wayarka kuma megabait take nunawa lokacin saukar da fayil. Raba da 8: layin megabit 40 zai ba ka kusan megabait 5 a daƙiƙa, wannan ba cuta ba ce.

Mai amfani da rautar sim, ta 4G ko 5G, ya shiga shafin saitinta ya nemi lambobi biyu, RSRP mai nuna ƙarfin sigina da SINR mai nuna tsabtarta. RSRP na -90 ko abin da ya fi shi kusa da sifili yana da kyau, idan ya kai -110 sabis ya yi rauni. SINR sama da 13 yana da kyau, idan yana wasa kusa da sifili akwai hayaniya da yawa a iska. Ɗauki rautar ka zagaya da ita taga-taga kana kallon lambobin nan. Sau da yawa matsar da ita zuwa tagar da ke fuskantar hasumiyar sabis kaɗai ya isa.

Daga nan sai ka sa manhajar auna Wi-Fi a wayar Android, irin WiFiman ko WiFi Analyzer, ka bi gidan ɗaki-ɗaki da takarda a hannu. A kusa da rauta za ka ga wajen -40. Har zuwa -67 kiran bidiyo zai tafi lafiya. Da ka wuce -75 an shiga wahala. Duk ɗakin da ya gaza -67, yi masa alama. Takardar nan ita za ta gaya maka na'ura nawa kake buƙata da inda za ka kafa su.

Mataki na biyu: raba aikin

Akwatin da kamfani ke bayarwa ayyuka huɗu yake yi shi kaɗai. Shi ke karɓo layi daga waje, shi ke raba adireshi da tsaron ƙofa, shi ke rarraba wayoyi, shi ke watsa Wi-Fi. Kayan da suka ɗara na gama-gari, waɗanda ke tsakanin na gida da na ofis, bambancinsu shi ne kowane aiki da mai yinsa. Rauta tana zaune inda layi ya shigo. Suwic yana raba wayoyi yana kuma tura wuta ta cikinsu. Akses foyin, wato faifan da ake mannawa a silin, shi ke watsa Wi-Fi a inda mutane suke. Amfanin rabon shi ne in an fito da sabon Wi-Fi gobe, faifan kaɗai za ka sauya, in tsawa ta kashe suwic ba ka rasa komai da komai ba.

Mataki na uku: waya, kuma a nan zan daɗe

Wi-Fi na gigahaz 5 yana da sauri amma bango biyu na bulo sun isa su karya shi, dekin mai rodi kuwa kusan kashe shi yake yi. Na gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango amma ya fi cunkoso da jinkiri. Babu eriyar da za ta sauya wannan, domin ko rauta ta yi ihu ta isa ɗakinka, ƙaramar wayar hannunka ba ta da ƙarfin mayar da amsa ta cikin kankare. Magani ɗaya ne: kowane bene, kowane sashe, a ja masa waya a kafa masa akses foyin nasa.

Cat5e tana ɗaukar gigabit 1 har mita 100, tana ma iya 2.5. Cat6 tana kai gigabit 10 a tazarar da ba ta wuce mita 55 ba, Cat6a kuma har mita 100. Ga gida, Cat6 ta wadatar. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne abin da ke cikin wayar. Kasuwa cike take da wayar da ake kira CCA, alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Ni kaina na taɓa sayen kwali guda a hannun wani mai shago, na ja ta cikin silin na gida guda, bayan 'yan watanni na'urorin suka fara mutuwa suna tashi da kansu, dole aka zare ta gaba ɗaya. Alminiyom ya fi jan ƙarfe hana wuta wucewa, yana zafi, yana kuma karyewa a bakin kai. Kafin ka biya, ka ce a yanko maka ɗan guntu. Kankare silin ƙarfen da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, bar ta. Ko ka kunna masa ashana: alminiyom zai lanƙwashe ya zube nan take, jan ƙarfe na gaske zai yi ja ya tsaya. Kwalin mita 305 na jan ƙarfe zalla yana da nauyi a hannu, kuɗinsa ma ya fi. In ka ji araha ta yi yawa, ka san dalili.

Wajen ja, kada ta bi bututu ɗaya da wayar lantarki. Kada a lanƙwasa ta lanƙwasar gwiwar hannu, kada a buga mata ƙusa ta matse. Duk inda za ka ja ɗaya, ja biyu, domin kuɗin aiki ɗaya ne kuma wata rana za ka gode. Rubuta suna a kowane bakin waya: falo, sama, ƙofar gida. Duk su taru wuri guda mai iska, kusa da inbata in da hali.

Ɗaura kai kuwa da tsari ɗaya za ka bi a ɓangarorin biyu, wanda ake kira T568B. Ka riƙe kan, maƙallinsa na kallon ƙasa, daga hagu: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Sayi ɗan abin gwajin waya mai fitilu takwas, ba shi da tsada. Dukkan takwas ɗin sai sun kama bi da bi, saboda megabit 100 sili huɗu kawai yake buƙata, gigabit kuwa sai takwas ɗin duka.

Sai maganar boskwata ko shagon da ke jikin katanga. Kada ka rataya wayar jan ƙarfe a sararin sama tsakanin gini biyu. Da damina ta kama, tsawa ko ba ta faɗo a gidanka ba, wutar da take jefawa cikin doguwar waya ta isa ta ƙone suwic da duk abin da ke jone da shi. Maimakon haka ka ja faiba, wayar gilashi ce da haske ke bi, ba ta ɗaukar wuta. Sayi wadda aka riga aka ɗaura wa kai a tsawon da kake so, da 'yan akwatunan da ke mayar da ita wayar intanet guda biyu, ka binne ta cikin bututu. In ja ba zai yiwu ba sam, akwai ƙananan eriyoyi biyu masu kallon juna da ake kafawa a bango, suna aiki sosai muddin babu abin da ya tare tsakaninsu.

Mataki na huɗu: zaɓen na'urori

Kayan kamfani uku ne aka fi samu a hannun masu wannan aiki. TP-Link Omada ya fi sauƙin kuɗi, rautarsu ER605 tana karɓar layi fiye da ɗaya, ga akses foyin irin EAP610. UniFi na kamfanin Ubiquiti na Amurka ya fi daɗin sarrafawa, komai a manhaja ɗaya kake gani, amma sai ka ƙara kuɗi. MikroTik na ƙasar Latbiya shi ne na masu son kama linzami da hannunsu. Ƙaramar hEX mai ramuka biyar tana yin abin da manyan rautoci ke yi, RB5009 kuma ta ishi kowane gida, sai dai RouterOS, manhajar cikinsu, yana son zama a koya. Ra'ayina: in ba ka da niyyar kwana kana karatun saiti, ɗauki Omada ko UniFi, kuma akses foyin ɗinka duka su zama na kamfani ɗaya, domin su riƙa miƙa wa juna wayarka in kana tafiya.

Wi-Fi 6, wanda ya fito a 2019, ya ishi kusan kowa. Wi-Fi 7 da aka fara ba wa shaida a farkon 2024 yana da kyau, amma ribarsa mafi girma tana gigahaz 6, wanda ya fi na 5 ma tsoron bango, kuma yawancin wayoyin da ke gidanka ba sa ganinsa. In layinka megabit 50 ne, akses foyin uku na Wi-Fi 6 sun fi ɗaya na Wi-Fi 7 amfani nesa ba kusa ba.

Suwic ka ɗauki mai PoE, wato mai tura wuta ta cikin wayar intanet, don kada ka nemi soket a silin. Ma'aunin 802.3af yana ba da wat 15.4 a kowane rami, 802.3at kuma wat 30. Duba jimillar da suwic ɗin zai iya bayarwa gaba ɗaya, ka tara abin da na'urorinka ke ci har da kyamarori, ka bar rarar kashi ɗaya cikin huɗu. Hattara da tsofaffin kayan da ke amfani da PoE na bolt 24 wanda ba ya tambaya kafin ya tura wuta. Jona shi a inda bai dace ba yana ƙona na'ura.

Mesh marar waya fa, wato akses foyin da ke miƙa wa juna sigina ta iska? In gidan haya kake ba a yarda ka huda bango ba, shi ne mafita. Amma kowane tsalle yana cin kusan rabin gudun, sai in mai rediyo uku ne. Kuma a tsakiyar hanya ake ajiye na biyun, inda sigina ke da ƙarfi tukuna, ba a cikin ɗakin da ya mutu ba.

Mataki na biyar: wuta da zafi

Duk sanda aka ɗauke wuta ko aka juya zuwa janareta, kayan nan sai sun ɗauki minti biyu zuwa biyar kafin su dawo, kuma yawan mutuwa da tashi yana gajiyar da su. Ka sa su a layin inbata. Lissafin ba wuya: akwatin faiba da rauta da suwic da akses foyin uku za su ci wajen wat 60. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka ci, wato 600. Raba da 60, awa 10 ke nan, ka cire asarar inbata ya koma kamar 8. Mai Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ya ƙara wat 50 zuwa 100 a lissafinsa gwargwadon samfurin, domin farantin yana cin wuta sosai.

Yawancin kayan cikin gida an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana kai haka. Cikin rufi a ƙarƙashin kwano ya fi haka nesa. Manna akses foyin a ƙasan silin, ta cikin ɗaki. Kada ka jibga na'ura kan na'ura. Bayan hunturu ka hure ƙurar da ta toshe ramukan iska.

Mataki na shida: saiti

Fara da sauya kalmar sirrin shiga rautar kanta, sannan ka sabunta manhajar cikinta. Wannan ba wasa ba ne: a 2018 an gano wata ɓaraka a WinBox, hanyar saita rautocin MikroTik, kamfanin ya toshe ta, amma dubban rautocin da ba a sabunta ba suka faɗa hannun masu kutse. Kashe WPS, wato haɗa na'ura ba tare da kalmar sirri ba. A tsarin kulle Wi-Fi, sa WPA2 da WPA3 a haɗe.

Sai akwatin kamfani. In ka jona rautarka a bayansa haka nan, rauta biyu ke nan a jere kowacce tana fassara adireshi, abin da ke kawo cikas ga wasannin intanet da kyamarori. Nemi saitin da ke mayar da shi gada kawai, a Starlink ma akwai irinsa a manhajarsu. In babu, kashe Wi-Fi ɗinsa, ka sa adireshin rautarka a DMZ, saitin da ke miƙa mata duk abin da ya shigo daga waje, ka tabbata lambobin na'urorin biyu sun bambanta: in nasa 192.168.1.1 ne, naka ya zama 192.168.10.1. Duba kuma adireshin da rautarka ta samu daga waje. In ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin ya haɗa ku da yawa a adireshi ɗaya, buɗe ƙofa don kallon kyamara daga nesa ba zai yi ba. Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka daga nesa, ko makamancinsa shi ke warware wannan.

A gigahaz 2.4 tasha uku ce kawai ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11, a faɗin megahaz 20. Akses foyin uku, kowa da tasa. A gigahaz 5 fara da 36 zuwa 48, faɗin 40 ko 80. Suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya a duk gidan. Sannan abin da mutane ke ƙin yarda da shi: rage ƙarfin watsawa, musamman na 2.4, zuwa ƙasa ko matsakaici. In kowanne yana ihu iya ƙarfinsa, wayarka za ta manne wa na falo alhali kana tsaye ƙarƙashin na sama.

Ware wa baƙi layinsu, wanda ba ya ganin kwamfutarka da firinta, ka iyakance masa gudu. Gidan Bahaushe ba ya rabuwa da baƙi, kuma kalmar sirri in ta fita zaure ta shiga unguwa. Kyamarori da talabijin su ma a ba su nasu sashen.

In kiran bidiyo yana yankewa duk sanda wani ke tura hotuna, ba ƙarancin gudu ba ne, layi ne ya cika har saƙonni suka yi dogon jerin gwano. Kunna SQM, saitin da ke tsara jerin gwanon nan, ko CAKE a RouterOS 7, ka sa iyaka a kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na gudun da ka auna. Ka ba da kaɗan, ka sami natsuwa. Wanda kuma abincinsa ke kan intanet ya sa layi na biyu daga wani kamfani dabam, rauta ta juya da kanta. Waɗanda suka ga 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sun san kamfanoni ba lokaci guda suke faɗuwa ko tashi ba.

In abu ya lalace

Daga ƙasa ake farawa, kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Na'ura ɗaya ce ke kuka ko duk gidan? In ɗaya ce, laifinta ne. Dubi fitilu: jar fitilar LOS a akwatin faiba tana nufin haske ba ya isowa, an tsinke waya a hanya ko an lanƙwasa ta, sai kamfani. Dubi adireshin da kwamfutarka ta samu: in ya fara da 169.254, ba ta sami mai ba ta adireshi ba, matsalar na tsakaninta da rauta.

Sai gwajin ping, wato tura ɗan saƙo daga kwamfuta a ga ko za a amsa, sau uku. Tura wa rautarka: in babu amsa, ko amsar tana tsalle, cikin gida ne. Tura wa 8.8.8.8: in rauta ta amsa wannan bai amsa ba, layin waje ne. Tura wa google.com: in lamba ta amsa suna bai amsa ba, DNS ne, wato mai fassara suna zuwa lamba, sauya shi zuwa 1.1.1.1 ko 8.8.8.8. Na'urar da ke mutuwa tana tashi da rana tsaka, zargi zafi ko adaftar wutarta, wadda sau da yawa kan riga na'urar gajiya. In gidan gaba ɗaya ya tsaya cak, fitilun suwic suna ƙyaftawa tare kamar hauka, nemi wayar da wani ya jona bakinta biyu a suwic ɗaya. Kuma kafin ka taɓa maɓallin mayar da komai sabo, ka tabbata ka ajiye kwafin saitinka.

A gidan yayana, bayan mun kafa akses foyin uku muka binne faiba zuwa boskwata, ko'ina ya yi daidai sai saman bene, wanda ya ƙi wuce megabit 94 a gwajin cikin gida. Na duba suwic, fitilar ramin ruwan lemo ce maimakon kore, alamar a megabit 100 ya tsaya. Na sa abin gwaji, fitila ta bakwai ba ta kama ba. Silin fari mai ratsin ruwan ƙasa ne bai kai ƙarshen kan ba. Yaya ya riƙe mini tsani, na yanke kan na ɗaura sabo, fitilar ta koma kore.